Babi na 7: Rigar Tulun Zuma

Tun muna yara ake gaya mana cewa zuma ba ta lalacewa. To, in haka ne, me ya sa wadda aka sayo daga Madarunfa, mai kauri da ƙamshi, take sake kama bayan 'yan watanni a gida? Wata ta tsinke ta yi kumfa, in an buɗe murfi a ji tsami-tsami. Wata ta yi baƙi, ƙamshinta ya gudu. Wata kuma ta daskare a gindin kwalba, ko cokali ba ya shiga. Abin da uwargida ke fara faɗi shi ne, "An cuce mu, an yi mata haɗi da sukari." Wani lokaci gaskiyarta ne, don algus bai ƙare a kasuwa ba. Amma sau da yawa mai zuma bai ci amanar kowa ba. Laifin na ajiya ne: inda aka aje ta, cikin abin da aka zuba ta, da abin da aka rufe ta da shi.

Akwai wata 'yar dabara da ke rage wannan hasara, kuma ba ta cin komai sai guntayen yadi da zare da zaman hantsi ɗaya: a ɗinka wa mazubin zuma riga. Kafin mu ɗauki allura, sai mu san abin da rigar za ta yi da abin da ya fi ƙarfinta, don wanda bai san wannan ba yana iya ɓata zumarsa da hannunsa, yana zaton gyara yake yi.

Yadda zuma ke zaune a gidanta

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, a yankin da ya fi sauran jihar samun ruwan sama da yawan itatuwa. Ga tafkin da ke cika da damina ya ja baya da rani, wanda ake cewa kaburburan waliyyai 99 na kewaye da shi. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin Madarunfa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Can kudu kuma ga dajin Babban Rafi. Ƙudan zuma ba ya bukatar abin da ya wuce ruwa da fure, shi ya sa sunan Madarunfa ke fitowa duk lokacin da ake lissafa wuraren zuma a Nijar, tare da irin su Gaya da Magariya da Torodi.

Amyar gargajiya da ciyawa ake saƙa ta, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, sannan a ɗora a kan reshe. A cikinta duhu ne dare da rana. Ƙudaje suna riƙe zafin ɗakinsu a wajen digiri 35, ko da waje ana ƙuna ko ana ɗari. In zafi ya yi yawa sai su ɗebo ruwa su yi ta fifita da fukafukai. In sanyi ya sauko su dunƙule wuri ɗaya. Ruwan furen da suke kawowa tsararo ne, sau da yawa fiye da rabinsa ruwa. Suna ta fifita shi har ruwan ya ragu zuwa kamar kashi 18 cikin 100, sannan su liƙe bakin kowane rami da kaki. Wannan liƙaƙƙiyar saƙa ita ce nunanniyar zuma.

Ke nan a gidanta zuma tana da abu uku: duhu, zafi marar hawa da sauka, da murfin da iska ba ta shiga. Ranar da aka tace ta aka zuba a robar da ta ƙare ruwan sha, aka jera a rana a bakin hanyar garin Ɗan Isa, ta rasa biyu nan take. In murfin robar ba ya kamawa sosai, ta rasa dukan ukun.

Zafi da haske

A ƙasar Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ɗakin da aka rufa da kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba da tsakar rana. Zuma ba ta ruɓewa don zafi, amma tana tsufa da sauri. Launinta yana ƙara duhu, ƙamshin furen da ya bambanta zumar wannan daji da ta wancan yana tashi, sannan sinadaran da ƙudan ya zuba mata daga jikinsa suna mutuwa sannu a hankali. Ɗaya daga cikinsu shi ke taimaka mata wajen hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma ba zafi kaɗai ke kashe shi ba, har da hasken rana. Kwalba garau da aka aje a bakin taga tana da kyan gani, amma zumar cikinta ce ke biyan kuɗin wannan ado.

Masu awon abinci suna da hanyar gane zumar da ta sha zafi. Akwai wani sinadari da ake kira HMF, wanda kusan babu shi a sabuwar zuma, amma yana ƙaruwa da zafi da daɗewa. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, wadda hukumomin FAO da WHO suka kafa a 1963, ta ce kada ya wuce miligiram 40 a kilo ɗaya. Ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu an ɗaga iyakar zuwa 80. Wannan sassauci da aka yi mana shaida ne cewa duniya ta san rana tana cin zumarmu tun kafin ta bar gida. Duk wanda ke mafarkin kai zumar Madarunfa manyan kantunan Yamai ko ƙetare, da wannan awo zai haɗu.

Danshi

Wannan shi ne babban ɓarawo, kuma da damina yake shigowa. Zuma tana jan ruwa daga iska. In danshin iska ya wuce kamar kashi 60 cikin 100, abin da ke faruwa kullum a watan Agusta, zumar da aka bari a buɗe tana shan laima ta samanta. Akwai ƙwayoyin yis a cikin kowace ɗanyar zuma, suna kwance ba sa iya motsi saboda ƙarancin ruwa. Da zarar ruwan ya haura kashi 20 cikin 100, sai su farka su fara cin zaƙin. Daga nan kumfa da tsami suke fitowa, har wani lokaci roba ta kumbura. Shi ya sa Codex ɗin ta tsayar da iyakar ruwan zuma a kashi 20.

Wata zumar tun daga daji take zuwa da ruwanta. In mai ɗiba ya haɗa liƙaƙƙiyar saƙa da wadda ƙudaje ba su gama aikinta ba, ko ya matse har da 'ya'yan zuma, babu ajiyar da za ta hana ta tsami. Irin wannan sai a sha da wuri.

Daskarewa ba cuta ba ce

Zaƙin zuma iri biyu ne mafi yawa. Ɗaya yana son zama a narke, ɗayan kuwa yana son komawa ƙanƙara-ƙanƙara kamar tsaki. Yawan kowannensu ya danganta da furen da ƙudan ya ci, shi ya sa wata zumar ke daskarewa cikin makonni, wata ta shekara tana zuba. Daskarewar ta fi sauri in sanyi ya kai wajen digiri 14, kuma daren hunturu a Disamba da Janairu yana sauka kusa da nan. Don haka in zumarka ta sandare da ɗari, wannan ba hujja ba ce ta cewa an sa mata sukari. A sa kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a bar ta ta narke a hankali. Kada a ɗora ta a wuta.

To, me riga za ta yi?

Riga ba ta sanyaya zuma, ba ta kuma ɗumama ta. Aikinta jinkirtawa ne. Auduga ko tsohon bargo cike suke da 'yan ramukan iska, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin wucewa da zafi. Haka jinkar ciyawa take sa bukka ta fi ɗakin kwano daɗin zama da azahar. Zafin rana yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa rigar, kuma kafin ya gama ratsawa la'asar ta yi. Sanyin asuba ma haka. Zumar sai ta zauna tsaka-tsaki, ba ta bin hawa da saukar yini.

Kowa na iya gwada wannan a tsakar gida. A cika kwalba biyu da ruwan randa, a naɗe ɗaya da tsohon bargo, a bar ɗaya tsirara, a aje su a rana sa'a ɗaya, sannan a tsoma yatsa. Bambancin ba ya ɓuya. Amma in aka bar su daga hantsi har magariba, dukansu za su yi zafi. Riga ba ta maye gurbin inuwa.

Bayan wannan, riga tana tare haske gaba ɗaya. Tana hana ƙurar hunturu taruwa a wuyan kwalba inda zuma ta ɗan ɗiga. Tana kuma kare kwalba daga fashewa in an ɗaure ta a bayan babur a kan hanya mai gargada. A Ingila tun ƙarni na 19 ake ɗinka wa butar shayi irin wannan riga don kada shayin ya huce kafin a gama hira. Hikimar ɗaya ce, su suna tsare zafi a ciki, mu muna tsare shi a waje.

Abu ɗaya da riga ba ta iyawa shi ne hana danshi. Ƙyalle yana numfashi. Wannan aikin murfi ne.

Kada a jiƙa ta

Duk wanda ya bi tasha ko kasuwar ƙauye a Nijar ya ga jarkar ruwa da aka ɗinke da buhu, ana yayyafa mata ruwa ana ratayewa a inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa daga jikin buhun shi ke tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Mai ganin haka zai iya cewa, bari ni ma in jiƙa rigar zumata ta ƙara sanyi. Nan ne kuskuren yake. Tumatir yana son laima, zuma kuwa ba ta da maƙiyi kamarta. Jiƙaƙƙiyar riga tana kewaye murfi da danshi, tana yin funfuna, in kuma tulun na ƙasa ne ruwan zai tsatsafa ciki. Rigar zuma busasshiya ce ƙarau, ko yaushe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: da a sa wa tulu jiƙaƙƙiyar riga, gara a bar shi tsirara a lungu mai duhu.

A fara da mazubi

Kwalba mai faɗin baki da murfi mai juyawa ita ta fi, ko da ta mayonis ce, muddin an wanke ta ta bushe sarai kuma warin ya fita. Roba mai kauri wadda aka yi don abinci ita ma ba laifi. A guji gwangwani da langa da duk ƙarfen da ke tsatsa, don zuma tana da ɗan tsami a halittarta, tana cin ƙarfe ta yi baƙi. A guji jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin ƙwari, ko sau nawa aka wanke ta.

Tulun ƙasa yana da sanyi da duhu, amma jikinsa yana tsatsafa. In shi za a yi amfani da shi, a shanya shi ya bushe sosai, a narka kakin zuma a zuba ciki a jujjuya har ya shafe ko'ina, sannan a samo murfin da ya zauna daram. Faifai kaɗai bai isa ba.

Kayan aiki

Rigar hawa uku ce. Na waje, kowane yadin auduga mai ƙarfi: guntayen atamfa da ke zube a ƙarƙashin keken tela sun wadatar, ko an harhaɗa su. Mai haske ya fi in za a riƙa tafiya da ita cikin rana. Na tsakiya shi ne mai aikin: audugar da aka cire wa gurya aka shiɓa, ko audugar rimi irin ta matashin kai wadda ba ta saurin shan ruwa, ko yankin tsohon bargo. Kaurin yatsa ɗaya ya isa. Na ciki, wato shafi, ya zama yadi mai duhu mai matsattsiyar saƙa. A ɗaga shi a rana a duba. In ana hango haske ta cikinsa, a ninka shi biyu.

Kada a sa leda a tsakani da sunan hana ruwa. Tana riƙe gumi a jikin kwalba. A kuma wanke dukan yadin kafin a yanka, don sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. A yi wankin da sabulu marar ƙamshi. Zuma tana ɗaukar wari, saboda haka zanen da ya kwana a akwati da turaren wuta ko kafur bai dace ba.

Sai allura, zare mai ƙarfi, almakashi, alli ko gawayi, da igiya ko tsinken yadi da za a yi zariya.

Awo da yanka

Ba sai da tef ɗin tela ba, zare ma ya isa. A zagaya shi a inda kwalbar ta fi kauri. A auna tsayi daga gindi zuwa wuya, a tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da murfi, don kada bakin riga ya riƙa lasar zumar da ke ɗiga.

A ce kewayen ya zama santimita 30, tsayin 15. A ƙara 8 a kewaye, don audugar tsakiya tana cin wuri kuma ɗinki na son nasa rabo. A ƙara 5 a tsayi. Ke nan za a yanka yadin waje da shafi, kowanne 38 da 20. Abin tsakiya a rage masa kaɗan ta kowane gefe, musamman ta sama, don bakin ya lanƙwasu. Nan ne masu fara koyo ke tuntuɓe: su yanka daidai jikin kwalba, in an gama ta ƙi shiga. Gara ta ɗan yi yalwa, zariya za ta tsuke.

Don gindi, a ɗora kwalbar a kan yadi, a zagaya da alli, a ƙara faɗin yatsa biyu ko'ina, a yanka hawa uku kamar na jiki.

Ɗinki

A shimfiɗa shafi, a baza auduga a kai daidai wa daida ba tudu ba kwari, a rufa da yadin waje. A kama su da manyan ɗinki na wucin gadi don kada su zame. Sannan a bi da layuka daga sama zuwa ƙasa, tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa yatsa uku. Waɗannan layukan su ke hana auduga zubowa ta taru a gindi bayan wanki biyu. Kada a matsa su da yawa, don in aka danne audugar ta zama faifai, iskar cikinta ta fita, amfanin ya tafi.

A ninka ta, fuskar waje na ciki, a haɗa gefe biyun da ɗinki mai ƙarfi, a tsaya kafin a kai ƙarshen sama don zariya ta sami ƙofa. A ɗora gindin a ɗinke kewaye, ana tattara jikin kaɗan-kaɗan in ya fi faɗi. A kalmasa bakin sama a yi ƙubaka irin ta wando, a zura zariya da fil ko tsinke. A juya, a sa kwalba, a ja zariya ta kama wuya.

Saura hula. A yanka da'ira wadda ta fi murfi faɗi da yatsa huɗu ko'ina, ita ma hawa uku, a yi mata tata zariyar. Raba hula da riga yana da dalili: ana buɗe zuma kullum, kuma hular ce ke fara yin danƙo. Ita kaɗai za a riƙa cirewa ana wankewa.

Tulu mai ƙaton ciki ba ya son wannan yanka. Nasa ya fi sauƙi. A ja zare daga wuya ta gefe ɗaya, a bi ta ƙarƙashin gindi, a fito wuya ta ɗaya gefen. Wannan tsawon, da ƙarin taƙi ɗaya, shi ne faɗin da'irar da za a yanka. A yi layukan daga tsakiya zuwa baki, a yi ƙubaka a kewaye, a zaunar da tulu a tsakiya a ja zariya. A sa masa gammo ya zauna a kai.

Wanki da kiyashi

Ƙyalle ba ya hana kiyashi. Riga mai danƙon zuma ma gayyatarsu take yi, su shiga cikin auduga su yi gida. Bayan kowace ɗiba a goge wuyan kwalba da tsumma mai ɗan danshi, a bushe shi, kafin a mai da hula. Cokalin ɗiba ya zama busasshe, kuma kada a mai da wanda aka lasa. A ɗinka riga biyu in da hali, don in an wanke ɗaya ta yini a rana har audugar ciki ta bushe, ba fuskar waje kaɗai ba. Da damina a riƙa tuɓe ta lokaci-lokaci a shinshina. In an ji warin funfuna, a wanke a shanya. Rataya kwalbar a ragaya, nesa da bango da murhu, ya fi aje ta a ƙasa. In kuma za a narkar da daskararriyar zuma a ruwan ɗumi, a tuɓe rigar tukuna, a goge kwalbar ta bushe kafin a mayar.

Ga mai sayarwa

Mai saye yana son ya ga launin abin da zai biya, don haka ba za a rufe duka haja ba. A bar kwalba ɗaya ta nuni a kan tebur, sauran su zauna a inuwa cikin rigunansu, ko cikin kwali guda da aka shimfiɗa wa bargo ciki da sama. Wadda ta yini a rana kada ta koma cikin ta ajiya; ita za a fara sayarwa ko a sha a gida. Tela ko matar aure mai keke a ɗaki kuma ta sami 'yar sana'a daga guntayen da a da shara suke tafiya, kuma kwalbar da aka kai tsaraba cikin rigar atamfa ta fi wadda aka ƙulle a leda daraja a idon wanda aka kai wa.

Mun ambaci kaki sau biyu a babin nan: shi ƙudaje ke liƙe saƙa da shi, shi muka shafe cikin tulu da shi. Amma a gidaje da yawa, in an matse zuma, sai a watsar da tukar saƙar a bayan gida. A babi na gaba za mu ga yadda ake narka ta a tace a fitar da kaki mai tsabta, da abin da maƙera da dukawa da masu man shafawa suke yi da shi.